Wuƙar aljihu mai miƙaƙƙen baki: wacce za ka ɗauka?

Ka tsaya ka tuna abin da ka yanka da wuƙarka a makon nan. Yawancinmu kwali ne, da igiya, da leda, da salatif, wani lokaci fiƙe fensir ko feɗe waya. Duk cikin waɗannan babu mai buƙatar baki mai lanƙwasa. Lanƙwasar nan ta maharbi ce da mahauci, masu fiɗa. Shi ya sa wuƙaƙen aljihu masu naɗewa waɗanda bakinsu ya miƙe sambal tun daga mariƙi har tsini suke ta samun kasuwa.

Sirrin yana wajen ja. Idan bakin wuƙa ya lanƙwashe sama, igiya takan zame ta kufce yayin da ka kusa tsini. Miƙaƙƙen baki kuwa yana cin abin da ƙarfi iri ɗaya har ƙarshe. Tsinin kuma yana kallon ƙasa, ba sai ka karya wuyan hannu kafin ka tsaga kwali ba. Wasawa ma ba wuya: ka kwantar da ita a dutse, ka riƙe kusurwa kamar digiri 20 a kowane gefe, shi ke nan. Wanda bai taɓa wasa wuƙa ba ma zai iya.

To amma ba duka suka zama ɗaya ba, kuma bambancin a tsini yake.

Akwai Wharncliffe, wadda ta ci sunan wani basaraken Ingila na ƙarni na 19, daga maƙeran birnin Shefild. Bayanta yana gangarowa a hankali har ya haɗu da baki, ya ba da tsini siriri kamar allura. Ga mai aikin fata, ko sassaƙa, ko yanka takarda bisa layi, babu kamarta. Irinta ce Yojimbo 2 ta kamfanin Spyderco, wadda Michael Janich ya zana. Aibinta shi ne wannan tsinin dai. Shi ke fara taɓa siminti ko ƙusa, shi ke fara dakushewa, kuma ranar da ka ce za ka ɓamɓare murfin gwangwani da shi, ranar za ka yi ban kwana da shi.

Sai wadda masu sayarwa ke kira sheepsfoot, wato ƙafar tunkiya, don da irinta ake gyaran kofaton tumaki. Bayanta a miƙe yake, sai daf da ƙarshe ya dunƙule ya faɗo. Ba ta suka sai da gangan, abin da ya sa matuƙan jirgin ruwa da masu aikin ceto suka riƙe ta: za ka iya zura ta ƙarƙashin bel ɗin mota ka yanke ba tare da ka huda mutum ba. Ni dai, in aka ce in zaɓar wa wanda ke buɗe kaya kullum, ita zan ɗauka. Ƙarfen ƙarshenta yana da kauri, tana jure wulaƙanci. Ƙanwarta, ƙafar ɗan rago, ta fi ta sirantaka, tana tsakanin biyun nan.

Masu faɗi kamar ƙaramar adda kuwa, sun fi kyau a hoto fiye da a aljihu.

Kafin ka biya, ɗora bakin a kan tebur ka leƙa. Da yawa ana tallarsu da sunan miƙaƙƙu, alhali suna da ɗan tumbi, wato 'yar lanƙwasa a baki. Ba laifi ba ne, yana ma taimakawa wajen yanka albasa a kan katako, inda mai miƙaƙƙen baki sosai ke ba da haushi domin yatsunka ke riga ta isa katakon. Duba ƙarfen kuma: 1095 yana saurin ɗaukar kaifi amma yana tsatsa, 14C28N ba ya wannan rigimar, D2 yana daɗewa bai dakushe ba amma zai gajiyar da kai a dutse. Sannan ka tambayi dokar inda kake. A Birtaniya, misali, wadda aka yarda ka yi yawo da ita ba tare da wani dalili ba ita ce mai naɗewa marar makullin da ke riƙe bakin a buɗe, wadda bakinta bai wuce inci 3 ba.