Ƙananan kwamfutocin haɗe-haɗe masu araha: wacce za ka saya, wacce za ka bari a kanti

Ɗalibin kwalejin fasaha da aikin kammala karatu ya taso shi gaba, da mai gyaran waya da yake son hannunsa ya wuce canza sikirin, duk tambayarsu ɗaya ce: wane allo, wato ƴar ƙaramar kwamfutar haɗe-haɗe, zan saya? Amsata ita ce ESP32. Amma tunda kuɗinka za ka fitar, bari in faɗa maka dalili, domin yawancin bayanan da za ka gani a intanet kan waɗannan na'urori mutanen da ba a ɗauke musu wuta ne suke rubuta su.

Abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai cikakkiyar kwamfuta da aka matse a kan allon da bai kai tafin hannu ba, tana tafiya da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, daga katin memori, irin su Raspberry Pi Zero 2 W da Orange Pi. Akwai kuma allo mai ƴar ƙwaƙwalwa wadda manhaja ɗaya tak ake loda mata, da zarar ta samu wuta ta hau aikinta, irin su Arduino da Pico da ESP32. Mai sayarwa ba zai bambanta maka ba, shi dai ka biya.

Raspberry Pi ne ya buɗe wannan kasuwa. Daga Cambridge ta Ingila ya fito a 2012 a kan dala 35, sai Zero ya biyo baya a 2015 a kan dala 5, sannan Zero 2 W a 2021 a kan dala 15, da ƙwaƙwalwa huɗu da memori 512MB. Ana jona masa kyamara, ana jona shi da talabijin, kuma idan aikinka ya shafi hoto ko bidiyo, ko kuma Linux ɗin kake son koya, to ba ka da wani zaɓin da ya fi shi a wannan farashi. Sai dai dala 15 ɗin nan farkon lissafi ne. Za ka sayi kati, ka sayi caja mai kyau, ka sayi mahaɗin HDMI ƙarami, kuma kafin allon ya iso hannunka a Kano ko Maraɗi kuɗin jigila da ribar ɗan kasuwa sun hau kai.

Babbar matsalarsa a wurinmu kuwa ita ce katin. Linux kullum cikin rubutu yake a kan katin memori, ko kana amfani da na'urar ko ba ka yi. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutun, katin yana iya lalacewa har na'urar ta ƙi tashi. Na taɓa haɗa wa wani ɗan'uwana injin ƙyanƙyasar ƙwai da irin wannan allo. Ƙwan kaza yana buƙatar zafi kusan digiri 37.5 har kwana 21. Wani dare aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, kwan fitila ya kama, fanka ta juya, allon kuwa ya yi shiru. Kafin gari ya waye ƙwai sun huce. Akwai dabarar kulle katin ta yadda ba za a riƙa rubutu a kansa ba, akwai kuma batirin ko-ta-kwana, amma wanda yake koyon kunna ɗan kwan fitila yau ba nan hankalinsa yake ba. Tun daga lokacin, tambayar farko da nake yi wa kowane allo ita ce: in na zare maka wuta na mayar, za ka tashi ka ci gaba da aikinka?

ESP32 yana ci gaba. Kamfanin Espressif na Shanghai ne ya fitar da shi a 2016, bayan ESP8266 da ya yi tashe tun 2014. Manhajarka tana zaune ne a cikin ma'ajiyar da ke like a jikinsa, babu katin da zai lalace, kuma kafin ka ɗauke hannunka daga soket ya riga ya tashi. Ƙwaƙwalwarsa biyu ce, gudunsu ya kai 240MHz, memorin aikinsa 520KB, ma'ajiyar yawancin allunan da ke kasuwa 4MB. Ga Wi-Fi ga Bluetooth duk a ciki, ba sai ka sayi wani abu daban ka jona ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya buƙatar data. Yana iya buɗe nasa Wi-Fi ɗin, ka shiga da wayarka, ka buɗe shafin da shi da kansa yake ajiye da shi, ka ga zafin injin ƙwai ko yawan ruwan da ya rage a tanki, ka kunna famfo kana kishingiɗe a tabarma. Allo biyu ko uku kuma suna iya magana da juna kai tsaye ta wata hanya da ake kira ESP-NOW, ɗaya a bakin rijiyar burtsatse ɗaya a ɗaki. Yana kuma iya yin barci mai nauyi, ya farka bayan kowane minti goma ya auna abin da aka sa shi ya koma, wanda ke nufin ƙaramin faifan sola da batir ɗaya sun riƙe shi a gona. Wajen rubuta masa manhaja, wanda ya saba da Arduino IDE, manhajar da ake rubuta wa allunan Arduino umarni da ita, ba zai canza komai ba, wanda ya fi son yaren rubuta manhaja na Python kuma sai ya loda masa MicroPython, Python ɗin ƙananan alluna.

Yana da halayensa, kuma gara ka san su tun yanzu. Da bolt 3.3 ƙafafunsa, wato ƴan ƙarafan gefensa da ake jona wayoyi, suke aiki, kada ka kuskura ka tura musu bolt 5 kai tsaye. Ƙafa ta 6 zuwa ta 11 na ma'ajiyarsa ne, ka bar su. Ta 34 da 35 da 36 da 39 karɓa kawai suke yi, ba sa fitarwa. Wasu daga cikin ƙafafun da ke auna ƙarfin wuta suna daina aunawa muddin Wi-Fi na kunne, kuma awon nasa ma ba na a dogara da shi ɗari bisa ɗari ba ne. Wi-Fi ɗin 2.4GHz kaɗai yake gani. Duk waɗannan a yini guda za ka haddace su.

Raspberry Pi Pico ina girmama shi. Ya fito a 2021 a kan dala 4, mai Wi-Fi ɗinsa, Pico W, ya biyo baya a 2022 a kan dala 6. Da wuya ka kashe shi ta hanyar manhaja: ka danne maɓallin BOOTSEL, ka jona shi da kwamfuta, sai ya bayyana kamar filash, ka jefa masa fayil. Ga mai koyon Python babu laifi. Illa dai a shagunanmu an fi samun ESP32, kuma allon da za ka iya maye gurbinsa gobe da safe ya fi wanda za ka jira sati uku.

Arduino Uno dattijo ne, memorinsa 2KB, babu Wi-Fi, darussansa ne kawai suka cika intanet. Orange Pi a takarda ya fi kowa, wajen neman taimako kuma sai ka sha wuya. Shi kuwa shuɗin allon nan da ake kira Blue Pill, sau da yawa abin da aka rubuta a bayan guntun daban, abin da ke cikinsa daban, ni na daina saye.

Wannan ya kawo mu ga jabu, inda kuɗin mutane suka fi salwanta. A fara da bambanci guda: Arduino ɗan China ba jabu ba ne. Zanen allon a buɗe yake, kowa yana da damar ƙera irinsa. Yawancinsu da guntun CH340 suke magana da kwamfuta, wani lokacin sai ka saukar da direbansa, ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, kafin a gan su, shi ke nan. Jabu shi ne a buga masa tambarin asali a karɓi kuɗin asali.

Katin da ke cikin injin ƙwan nan, da na gwada shi daga baya, ashe na bogi ne. An rubuta 32GB a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 32GB, amma ainihin abin da yake iya riƙewa bai kai rabin rabin haka ba. Ana yi wa irin waɗannan katuna dabara ne su riƙa faɗin girman ƙarya, in sun cika sai sabon rubutu ya hau kan tsoho. Kwalinsa tsaf, har da ɗan ƙyalƙyali, mai shagon kuma ya rantse. Akwai manhaja kyauta, H2testw, wadda take cika katin da bayanai ta sake karanta su. Duk katin da ka saya ka bi da shi ta nan kafin ka ɗora masa komai, ko da gwajin zai ci awa biyu.

Batir 18650 kuma, dogon batirin cajin nan irin na cikin batirin laftof, abin ya fi muni. Na ƙwarai ba su cika wuce 3500mAh ba. Saboda haka duk wanda ka ga an rubuta masa 9800 ko 9900, ƙaryar tana jikinsa a rubuce. Ɗaga shi ka ji: na gaske yana da nauyi, wajen giram 45, na bogi kuwa sakayau. Wasu ma tsofaffi ne da aka ciro daga batirin laftof aka sake musu riga. Irin waɗannan ba gajeren kwana kaɗai gare su ba, suna iya zafi su kama da wuta, Allah ya kiyaye.

Sai igiyar USB. Da yawa daga cikin masu arahar nan waya biyu ce kawai a cikinsu, ta caji, babu ta bayanai. Allon zai kunna fitila, kwamfuta kuma ba za ta gan shi ba, sai mutum ya yanke cewa allon ne ya mutu. Siririyar igiya da caja marar ƙarfi kuma su ne suke sa ESP32 ya riƙa mutuwa yana tashi daidai lokacin da Wi-Fi ya kama, domin a lokacin ne yake jan wuta da ƙarfi. Na'urar auna zafi ta DS18B20 ita ma kwaikwayonta ya cika kasuwa, to ka gwada ta kusa da ma'aunin zafi na asibiti kafin ka damƙa mata ƙwai.

Ka kuma karanta sunan da ke kan murfin ƙarfen allon da idonka. Ana sa hoton ESP32 a aiko maka da ESP8266, wanda ba shi da Bluetooth. A cikin gidan ma akwai bambanci: ESP32-S2 ba shi da Bluetooth, ESP32-C3 ƙwaƙwalwarsa ɗaya. Mai farawa ya nemi wanda aka rubuta wa ESP32-WROOM-32, shi ne yawancin darussa suke magana a kai. Ka duba ko an like masa ƙafafu da dalma, don wasu a leda daban suke zuwa. In a shago ne, tafi da laftof ɗinka da igiyar da ka yarda da ita, ka loda masa manhajar ƙifta fitila da ta neman Wi-Fi a gaban mai shagon. In ya ce ba a buɗe leda kafin a biya, ka yi masa sallama ka shiga shago na gaba. In kuwa oda za ka yi daga waje, ka sayi guda biyu, don mai koyo ba ya rasa ƙona ɗaya a watan farko.