Ƙararrawa, bargo ko tukunyar kashe wuta: wanne za ka fara saya?

Duk wanda ya tashi sayen kayan kariya daga gobara, jar tukunyar nan da ake ratayewa a bango ita ce ke fara zuwa masa a rai. Ni dai da za a nemi shawarata, sai in ce a bar ta ta zo ta uku. Yawancin waɗanda ke rasa rai a gobara hayaƙi ne ke kashe su tun wuta ba ta taɓa jikinsu ba, kuma ta dare ta fi muni, domin ƙauri ba ya tayar da mai barci. Tukunya kuwa, komai girmanta, ba ta kiran kowa.

Saboda haka ƙararrawar hayaƙi ce kan gaba. Iri biyu aka fi samu. Ta farko da haske take aiki: hayaƙi na shiga cikinta sai ya watsa hasken ya faɗa kan ɗan idon da ke ciki, ta fashe da kuka. Ita ce gwanar gano wuta mai ci a ɓoye, irin ta katifa ko kujerar soso ko wayar lantarki da ke narkewa, wadda kan daɗe tana turnuƙe ɗaki kafin ta yi harshe. Ta biyun tana da 'yar wutar lantarki da ke ratsa iskar cikinta, hayaƙi ya tare ta sai ta yi ƙara. Wannan ta fi saurin jin wuta mai balbali, amma tana da yawan kukan banza, ɗan hayaƙin girki ma tayar da ita yake. A nan matsalar take: mutum ya gaji ya cire batir, shi ke nan an koma gidan jiya. Idan guda za ka iya saya, ɗauki mai aiki da haske.

Juya bayanta ka duba ranar da aka ƙera ta, domin shekara 10 ne wa'adinta daga wannan rana, ko da kuwa a kanti ta yi rabinsu. Ka nemi lambar inganci, EN 14604 ta Turai ko UL 217 ta Amurka. Mai batir a rufe da ke kai shekara 10 ta fi wadda ake canza wa batir, don ba mai zare shi ya sa a rediyo. Gida mai hawa ko mai ɗakuna da yawa ya fi dacewa da waɗanda ke haɗe da juna, ɗaya ta yi kuka duk su amsa. A sama ake kafa ta, jikin silin, a hanyar ɗakunan kwana da kowane hawa, sannan a riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata. Kicin kuwa ƙararrawar zafi ake sa masa, wadda sai zafi ya kai wajen digiri 58 take tashi. Wani abin da ake yawan ruɗewa a kai: ƙararrawar hayaƙi ba ta jin gubar iskar da gawayi da janareta da murhun gas ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Wannan tata ƙararrawar daban ce.

Na biyu bargon kashe wuta. Da zaren gilashi ake saƙa shi, yana naɗe cikin 'yar jaka mai igiya biyu, ka fizge su ya zubo. Ba ya son kulawa, kuma ba sai an koya maka wani dogon darasi ba. Aikinsa tukunyar mai da ta kama a kan murhu: ka kashe murhun, ka naɗe hannuwanka da bakin bargon, ka lulluɓe tukunyar a hankali, ka ƙyale ta aƙalla minti 30 ba leƙe. Ruwa dai kada ya kusanci wannan wuta. Yana nutsewa ƙarƙashin man ya zama tururi nan take, ya kumbura ninki wajen 1,700, ya watso man mai ci har silin. Mai faɗin mita 1 ya ishi murhu, amma na fi son mai mita 1.2 da 1.8, don yana iya naɗe mutumin da tufafinsa suka kama. Lambarsa EN 1869.

Sai tukunyar kashe wuta, kuma a nan ne ake yawan sayen abin da bai dace ba. Mai hoda, wadda aka rubuta wa ABC (haruffan na nuna irin wutar da take kashewa), ita ce mai fuska da yawa: katako da takarda da tufafi, fetur da makamantansa, har gas, kuma ba ta jan lantarki. Aibinta ƙura. Cikin rufaffen ɗaki tana rufe ido ta shaƙe numfashi, ta shige cikin talabijin da kwamfuta ta lalata su. Mai iskar CO2 ba ta barin datti ko kaɗan, shi ya sa ta dace da kayan lantarki, sai dai ba ta kashe garwashi, katifa kan sake kamawa bayan iskar ta watse. Bakinta kan yi sanyin da ke ƙona hannu, kuma a ƙaramin ɗaki tana rage iskar da kai kanka kake shaƙa. Mai kumfa tana da kyau a kan kayan ɗaki da fetur, mai ruwa kuwa busassun kaya kawai, dukansu biyu kuma a nisanta su da wayar da ke da wuta. Man girki mai yawa yana da tasa ta musamman, mai alamar F, a Amurka K, wadda ke mai da saman man kamar sabulu ya rufe wutar. A lura, harafin C a tsarin Turai gas yake nufi, a na Amurka kuwa lantarki, don haka hotunan da ke jikin tukunyar sun fi harufa gaskiya.

Ga gida na talaka da na mai hali, mai hoda ɗaya ta wadatar in akwai bargo a kicin. Batun girma kuwa, a auna da hannun wanda ya fi zama a gidan. Mai kilo 6 ta fi daɗewa tana feshi, amma in uwargida ko dattijo ba za su iya ɗaga ta ba, gara mai kilo 2 da za a iya sarrafawa. Ko wacce ka ɗauka, feshinta na daƙiƙoƙi ne, ƙanana ba su cika wuce 10 ba, wato ta wutar da ba ta fi kwandon shara ba ce.

Kafin ka biya, ka tabbata allurar ma'auninta tana kan kore, fil ɗinta da hatiminsa suna nan, ba tsatsa ba lotsawa, tiyon bai tsage ba. Mai CO2 ba ta da ma'auni, nauyinta ake aunawa a gane ko ta yi yoyo. Ka tambayi mai sayarwa inda ake sake cika ta, domin ko sau ɗaya aka matsa ta sai an sake cikawa. In ka kawo ta gida ka rataye ta kusa da ƙofar fita, nesa da murhu, yadda mai feshi zai tsaya ƙofa tana bayansa, ya nufi gindin wutar yana kai bakin tiyon dama da hagu. Lambar wayar 'yan kwana-kwana kuma a rubuta ta da manyan baƙaƙe a liƙa a gefenta, inda yaro ma zai iya karantawa.