Wasiyya, kyauta ko hubusi: wanne ya dace da gonarka?

Bara da kaka wani dattijo ya rasu a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Kowa a unguwa ya sha jin sa yana cewa gonar fadama ta autarsa ce, ita da ta yi jinyarsa. Amma shi ya ci gaba da noma ta har ya kwanta ciwon ajali, shinkafar ma rumbunsa take shiga. Da aka je gaban alƙali, tambaya ɗaya ya yi: ta taɓa karɓar gonar a hannunta? Aka ce a'a. Nan take gonar ta koma cikin gado.

Tun daga ranar, in wani ya ce min zai "gyara bayansa", sai in tambaye shi: wa kake jin tsoron a bari a rana? Amsar ce ke nuna ƙofar da ya kamata ya bi.

In jika ne maraya, wanda ubansa ya riga ka rasuwa, to wasiyya ce maganinka. Muddin kana da ɗa namiji a raye, wannan jikan ba shi da ko taki ɗaya a gado, baffansa ya tare shi. Haka agola, haka yaron da ka riƙa tun yana goye. Wasiyya ita ce mafi arha: takarda, biro da shaidu biyu adalai, kuma kana iya sauya ta gobe. Sai dai iyakarta sulusi ne, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya yanke wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a fitar da ita sai an gama da likkafani da bashi. Ba a kuma yin ta ga magaji, sai in sauran magada sun yarda. Wanda ya rubuta "gidana na amarya ne" ya bar mata rigima kawai.

In kuwa uwargida ce ko 'ya mace kake tausayi, kyauta ce hanya, tun kana da lafiya. Ka tuna mata ko huɗu ne, tumuni ɗaya, wato kashi ɗaya cikin takwas, za su raba in akwai 'ya'ya. A gidan da dukiyarsa gona biyu ce da ɗakunan ƙasa, wannan rabon ba lallai ya kai kuɗin ɗakin da take kwana ba. A nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe, domin a mazhabar Maliku kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da rai da lafiya. A taka iyaka a gaban mai unguwa da maƙwabtan gona, a dasa cediya ko aduwa, ta sa a nome, amfanin ya shiga hannunta. Dagaci ya sa hannu a takarda. Kyautar da aka yi a kan gadon ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Tsadar kyauta ita ce abin ya bar hannunka ke nan, kuma fifita wani ɗa a kan wani ba dalili shi ne abin da Annabi ya ƙi yi wa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir shaida a kai.

Hubusi, ko waƙafi, na wanda ba ya son a yanyanka abu ne. Gonar da kakanmu ya noma da shanu biyu yau ta zama kunya goma goma a hannun jikoki, wasu ma sun sayar sun tafi Kano acaɓa. A hubusi asalin abu na nan, ba a sayarwa, ba a gado, amfanin kawai ake ci, yadda Sayyadina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. Ya dace da rijiya, garkar mangwaro ko shagon kasuwa da za a riƙa ciyar da makarantar allo da hayarsa. Ana yin sa ga zuriya ma, amma ware 'ya'ya mata daga ciki malamai sun yi tsanani a kai. Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi da za a iya neman shawararta. Raunin hubusi ɗaya ne: mai kula. In ya lalace, komai ya bi shi.

Akwai kuma kamfanonin amintattu da ke rajista da hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa, suna riƙe dukiya su biya kuɗin makarantar yara, suna cirar ladansu duk shekara. Ga mai hannun jari, gidajen haya a birni ko kuɗin fansho mai kauri, suna da amfani. Ga mai tumaki ashirin da shanu a hannun Bafulatani, ban ga wanda zai taso daga Abuja ya ƙirga maruƙa ba. Wasiyyi, wato wanda za a bar wa amanar dukiyar marayu, daga cikin dangi ya fi masa, mutumin da aka gwada da kuɗin adashi ko na masallaci aka ga bai ci ba. A rubuta sunansa, a haɗa shi da mutum na biyu, a kuma shardanta cewa ran da zai miƙa wa marayu dukiyarsu sai da shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce.

Wani abin da ke ruɗa ma'aikatan ƙaramar hukuma: sunan da ka cike a fom ɗin banki a matsayin makusanci bai mai da mutum magaji ba. Banki zai nemi takardar kotu kafin ya saki kuɗin, sannan a raba bisa shari'a.

Kowace ƙofa ka zaɓa, fara da littafin bashi. Gonar da ke hannunka jingina ce ko aro ko saye, nawa aka karɓa, a gaban wa, buhu nawa dillalin Gujungu ke bin ka. A gidan dattijon nan, bayan maganar fadama, wata uku aka shafe ana gardama a kan wata gonar tudu, domin mutum biyun da suka san jingina ce ko saye duk sun riga shi tafiya.