Yamaha PSR-E373: wata bakwai a hannuna da na jikata

Shekarata 61 lokacin da na sayi kibod ɗin nan na kiɗa, shi ma madannansa 61 ne, farare 36, baƙaƙe 25. Jikata mai shekara takwas ce ta ƙirga ta gano haka, ta ce, "Kaka, kowace shekararka da madanninta." Da sunanta aka saye shi, amma maganar gaskiya ni ne mai kwaɗayin. Tun ina saurayi nake sha'awar kaɗa piyano, aiki da ɗawainiyar iyali suka sha gabana, sai bayan na yi ritaya na samu sukuni.

Madannansa suna jin nauyin yatsa. Ka taɓa a hankali, sautin ya fito a sanyaye. Ka danna da ƙarfi, ya ɗaga murya. Kada mai saye ya raina wannan. Akwai ƙananan kibod da ko shafa su ka yi ko dukansu, amo ɗaya suke bayarwa, wanda ya koya a kansu kuwa yatsunsa ba za su san lallashi ba. Ai saboda wannan bambancin ne Bartolomeo Cristofori ya ƙera piyano a Italiya wajajen 1700, sunan ma daga kalmomin Italiyanci ya fito, masu nufin "a hankali" da "da ƙarfi".

Abin da ya riƙe ni dai shi ne darasin da ke cikinsa. Mataki uku ne. Na farko ka saurari waƙar kawai. Na biyu ka bi lokaci, ko da ba madannin da ya dace ka taɓa ba. Na uku shi ne nawa: kiɗan yana tafiya, da ya zo inda za ka danna sai ya tsaya cak, ɗan allon da ke tsakiya ya nuna maka wurin, ba zai motsa ba sai ka samo shi. Ba tsaki, ba duba agogo. Duk wanda ya fara koyon abu da furfura ya san ba wuyar abin ce ke korar mutum ba, kunya ce. A gaban na'ura kuwa na yi kuskure ɗaya sau talatin ban ji nauyin kowa ba, musamman in na toshe kunne da hedifon bayan gida ya yi barci.

Hannun hagu ne ya gwada min shekaruna. Yatsan da ke kusa da ɗan autan, in na ce ya ɗaga, sai ya taso da maƙwabcinsa kamar an ɗaure su da zare. Na rage gudun ƙwanƙwasar da ke ƙirga lokaci zuwa bugu 60 a minti, bugu ɗaya kowace daƙiƙa, na yi mako uku a kan layi ɗaya na waƙa, minti ashirin kullum. Ranar da hannayen biyu suka tafi tare har ƙarshen layin, sai da na tashi na zagaya ɗaki.

Ita yarinyar, kwana biyu ta yi ta iya wannan layin. Da kunne take ɗauka, ba ta ko kallon allon. Sai dai minti biyar ya yi mata yawa a zaune, kuma in aka kwana huɗu ba ta taɓa ba, rabin abin ya zube. Ni a hankali nake ɗauka, amma abin da ya shiga ya zauna, kuma na riga ta gane rubutun kiɗa domin ina son sanin dalilin kowace alama. Akwai tsarin da suka kira Duo, wanda ke raba madannan gida biyu masu sauti iri ɗaya, mutum biyu su zauna gefe da gefe. A nan take zama malama. "A'a Kaka, babban yatsa ake zurawa ta ƙasa, duba." Tana da gaskiya kuwa.

Muryoyi 622 ne a ciki, wato sautukan kayan kiɗa iri-iri, da salon kiɗan rakiya 205. Ban yi amfani da fiye da biyar ba. Ita kuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har da na ganguna, wanda kunnena bai gode mata ba. Akwai maɓalli mai rubutun Portable Grand, danna shi sau ɗaya yana maido da muryar piyano komai irin dagulawar da aka yi. Kibod ɗin kuma yana aiki da batir shida ƙirar AA, bai kai kilo biyar ba, hannu ɗaya ke ɗaukarsa.

A wata na uku wuyan hannuna ya fara ciwo. Laifina ne: a kan tebur mai tsayi na ɗora shi, ina kaɗawa kafaɗu a ɗage, yatsu a miƙe sambal. Na'ura tana jin madannin da ka danna, ba ta ganin yadda ka zauna. Wata malamar kiɗa ce ta kalle ni na minti biyu, ta sauke kibod ɗin zuwa daidai gwiwar hannu, ta ce in lanƙwasa yatsu kamar na riƙe ƙaramar ƙwallo. Cikin mako guda ciwon ya tafi. Tun daga nan sau biyu a wata nake zuwa wurinta, sauran kwanakin ni da na'urar.

A ɗakinta na fara taɓa piyano na ainihi, mai madannai 88 da gudumomi a ciki. Na danna yadda na saba, sautin da ƙyar ya fito, domin madannansa sun fi nawa nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ke da niyyar nisa a piyano zai buƙaci mai madannai masu nauyi nan gaba. Malamar ta ce yarinyar za ta kai wurin kafin shekara biyu. Da na tambaye ta ni fa, sai ta yi dariya ta ce in fara gamawa da yatsan nan na hagu tukuna.