Hattara da masu tallan injin 2TR "kammalalle" ga masu tsohuwar Hilux

Jama'a, masu tsohuwar Hilux mai injin 22R da ke son cire wannan injin mai kafireta su ɗora injin 2TR-FE, a kula. Akwai masu talla a Facebook da WhatsApp da ke saka hoton injin yana sheƙi, su ce ɗan Beljiyam ne, komai nasa na nan, "a ɗora kawai a tayar". Sai su nemi kafin alƙalami, wai za su sako shi a mota daga Legas. Wasu da kuɗi ya shiga sai lamba ta mutu. Waɗanda suka fi su wayo kuwa suna aiko da kayan, sai an sauke ake gane an sha.

Babu 2TR ɗin da ake ɗorawa kawai a tayar. Ƙafafun injin sai an sake su, ƙoƙon da ke haɗa giya da injin 22R ba ya kama shi, salansa kuma ta ɗaya gefen take fita. Matsin famfon man kafireta bai wuce psi 5 ba (psi ma'aunin matsi ne), shi kuwa 2TR yana son wajen 40, don haka dole a sa famfo mai lantarki da tiyon da zai jure.

Inda damfarar ta fi zama shi ne wajen ƙwaƙwalwar injin, wadda makanikai ke kira birenbos. A motocin da ke da tsaron makulli, birenbos ba ta sakin mai da wuta sai ta gane ɗan guntun na'urar da ke cikin kan makullin. Wato birenbos, da makulli, da ƙaramin akwatin tsaron da ke tantance makullin, dole su fito daga mota ɗaya. Mai damfara yakan tsinto birenbos daga nan, makulli daga can, ya zuba a leda. Kik zai yi ta juya injin har batir ya mutu, ko ya kama na daƙiƙa biyu ya ɗauke. Totur ɗinsa ma ba na kebur ba ne. In ba a haɗo da fedarsa mai na'ura ba, ko ya tashi ba zai amsa ƙafa ba. Ku duba wayarin da kyau: in an datse shi da almakashi dab da soket, mai wayarin zai kwana biyu yana lalube a kuɗinku.

Wata dabarar kuma, a ba ka 1TR mai lita 2.0 a kuɗin 2TR mai lita 2.7. A ido kusan tagwaye ne. Murfin sama ba shaida ba ne, ana musanya shi. A goge jikin bulo a karanta lambar da aka buga. In wurin ya sha guga ko sabon fenti, a bar shi.

Kada a tura ko sisi sai bakanikenka ya tsaya a kan injin, an tayar da shi a ƙasa da birenbos da makullin da za a ba ka. A cire fulogi huɗun a auna matsin kowace silinda; wadda ta faɗi nesa da 'yan uwanta akwai magana. A buɗe murfin baƙin mai, in ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. A rasit kuma a rubuta lambar injin, da ta birenbos, da kwanakin garanti.