Gargaɗi ga masu Hilux da Land Cruiser kan 'yan damfarar bututun shaƙar iska

Ina jan hankalin masu motocin shiga daji, musamman masu Hilux da Land Cruiser da direbobin da ke bin hanyoyin karkara, game da wasu mutane da ke tallar bututun shaƙar iska, wanda makanikai ke kira sinokul, a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Tallar tasu takan yi ƙarfi ne da zarar damina ta kankama. Sukan sanya bidiyon mota tana ratsa kogi ruwa ya kai mata gilashi, su ce aikinsu ne, su ce kayan na asali ne daga Ostareliya, sannan su yanka farashin da bai kai rabin na dillalan gaskiya ba, har da alkawarin zuwa gida su ɗaura. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya shanye motoci a Maiduguri a watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ko wanda ya saba tsayawa a bakin mashigi a yankin Haɗeja yana jiran ruwa ya janye, yana da dalilin jin tsoron ruwa, kuma wannan tsoron shi ne jarin waɗannan mutane.

Shi kansa bututun abu ne mai amfani, kuma ba shi nake suka ba. A yawancin motocin nan injin yana jan iska ne ta wata kafa da ke cikin fendar gaba, a saman taya, iskar ta bi ta akwatin eya-kilina a tace ta kafin ta isa injin. Aikin sinokul shi ne ya ɗauke wannan kafa daga kusa da taya ya mayar da ita sama, daidai da rufin mota, inda ruwa ba ya kaiwa da wuri, inda kuma ƙurar da tayoyi ke tayarwa ta ragu. Saboda ƙurar ne ma direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku da masu bin burji da rani suka fi buƙatarsa. Amma amfanin nasa gaba ɗaya ya dogara ne a kan abu guda, wato a ce tun daga kansa na sama har zuwa akwatin eya-kilina babu wata kafa, komai ƙanƙantarta, da iska ko ruwa za su bi su shiga. Wannan haɗi kuwa yana ɓoye ne a bayan fenda, inda mai mota ba ya gani, kuma a nan ake cin amanarsa.

Mafi sauƙin ganewa a cikin 'yan damfarar nan shi ne mai karɓar kafin alƙalami. Zai ce kayan suna Legas ko suna kan hanya daga Kwatano, a tura rabin kuɗi don a riƙe wa mutum nasa, sau da yawa zuwa asusun da sunan da ke kansa ya bambanta da sunan shagon. Da zarar kuɗi sun shiga sai uzuri ya fara, daga baya lamba ta daina shiga. Wannan asarar kuɗi ce kawai, kuma a ganina wanda abin ya tsaya masa a nan ya tsira da sauƙi.

Na biyu yakan kawo kaya, amma jabu. Sanannun masu ƙera sinokul, irin su Safari da TJM na Ostareliya, suna yin kowane bututu ne don mota guda da ƙirar shekarunta da irin injinta, da roba mai kauri da aka haɗa ta don ta jure zafin rana, kuma a cikin kwali ana samun takardar awo da ake mannawa a fenda kafin a huda, da tiyo, da maɗaurai, da takardar bayanin yadda ake ɗaurawa. Masu jabu sukan kwafi siffar ne kawai, wani lokaci har da sunan kamfanin a jiki. Robarsu ba ta da kauri, ana iya matsa ta da yatsa ta lotsa, kuma bayan ta sha ranar bazara takan yi fari ta bushe kamar bokitin roba da aka manta a tsakar gida, sai ta tsage a wajen noti ko a gwiwar da ta shiga cikin fenda. Tsagewar da ke waje ana ganinta, ta ciki kuwa babu mai sanin da ita sai ranar da aka shiga ruwa. Idan mai sayarwa ya ce bututunsa ɗaya yana shiga kowace mota, ko ya kasa faɗin lambar kayan da ta dace da motarka, wannan kaɗai ya isa a bar shi.

Na uku shi ne ya sa na rubuta wannan gargaɗi, domin shi ne mai kashe injin, kuma yana iya kashe mutum. Na ga wata Hilux a garejin wani makaniki da nake kai wa aiki, an janyo ta bayan ta mutu a tsakiyar wani mashigi da ruwansa bai wuce cinya ba. Daga waje sinokul ɗin yana nan tsaf, baƙi, yana sheƙi, an ɗaure shi a ginshiƙin gilashin gaba. Da aka cire robar da ke rufe cikin fenda aka haska fitila, sai ga bakin bututun a sake yana kallon taya, tsakaninsa da akwatin eya-kilina akwai tazarar da hannu ke shiga. Abin da aka yi don a rufe ido shi ne an cusa guntun tiyon lagireto, an naɗe shi da baƙin salatif, an shafa gam a kai, kuma girgizar hanya ta riga ta raba su tuntuni. Da aka buɗe akwatin, takardar tace iskar ta jiƙe sharkaf ta narke, laka ta kwanta a ƙasansa. Ramin da aka yanka a fendar ma ba a bi awo ba, gefensa duk kaifi, ba a shafa masa fenti ba, tsatsa har ta fara ci. Akwai ma waɗanda ba sa wahalar da kansu da huda fendar sam, sai su manna bututun ado a jiki, alhali injin yana nan yana jan iska ta tsohuwar kafarsa ta ƙasa.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ɗan ruwa kaɗan ke yin wannan ɓarna. Injin yana aiki ne ta hanyar matse iska a cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa. A injin dizal na 1HZ mai lita 4.2 da silinda 6, wanda ke cikin Land Cruiser da yawa a ƙasashenmu, kowace silinda tana ɗaukar kusan kashi 7 cikin 10 na lita, kuma fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, yana matse iskar fiye da ninki 20, ta yadda sararin da ke saura a sama idan ya kai ƙarshe bai wuce cokalin miya biyu zuwa uku ba. Idan ruwan da ya shiga ya fi wannan, fistin zai taso da ƙarfinsa ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sai sandar da ke tura shi ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta fasa jikin injin ta fito. Injin fetur yana da ɗan sarari fiye da haka, amma shi ma ba ya tsira. Duk wannan yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido, kuma gyaransa sau da yawa sai an sauke injin gaba ɗaya, kuɗin da ya ninka na sinokul na asali sau da dama.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne, direban da ba shi da sinokul ya san iyakarsa, idan ya ga ruwa ya yi yawa yakan tsaya ko ya juya. Wanda aka ɗaura wa na bogi kuwa an cire masa wannan tsoro an bar shi ba tare da kariya ba, sannan an ƙara masa da ƙaryar cewa motarsa za ta shiga ruwa har zuwa rufi. Ko da sinokul na asali ne kuma an ɗaura shi daidai, wannan magana ba gaskiya ba ce. Zurfin ruwan da Toyota ta ƙayyade wa Hilux ta zamani da Land Cruiser shi ne milimita 700, kuma sinokul hanyar iska kaɗai yake karewa. Aksul da giya suna da ƙananan kafofin numfashi, idan sun yi zafi aka tsoma su cikin ruwa mai sanyi sukan zuƙo ruwa ta nan ya gauraya da mai. Fanka tana iya lanƙwashewa ta yanki lagireto. Altaneta da wayoyi da ƙwaƙwalwar mota duk suna ƙasa da bakin bututun. Hatta bututun da ke fitowa daga masana'anta a jikin wasu Land Cruiser na jerin 70 an yi shi ne don ƙura, gaɓa-gaɓa ne, kuma ba a toshe mahaɗansa don ruwa ba. Bayan wannan duka akwai ƙarfin ruwa mai gudu. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai ƙafa 2, wato kimanin santimita 60, yana iya tafiya da manyan motoci irin waɗannan. Motar da ke ɗauke da fasinjoji a baya ranar kasuwa, idan injinta ya mutu a tsakiyar gulbi, maganar ta wuce ta kuɗin gyara.

Da rani ma mummunan haɗi yana da tasa illar, ko da mota ba ta taɓa ganin ruwa ba. Idan mai ɗaurawa ya fasa akwatin eya-kilina ko ya bar murfinsa bai zauna ba, ƙura za ta riƙa kewaye takardar tacewa tana shiga kai tsaye, ta ci fikafikan turbo, ta goge cikin silinda a hankali, har mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi ba a san dalili ba.

Wanda ke son ɗaurawa, kada ya biya ko sisi kafin ya ga kayan da idonsa, a shago mai adireshi da zai iya komawa gobe. Masu sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, akwai waɗanda suka shekara a wuri guda, kuma tambayar biyu ko uku daga cikinsu takan nuna farashin gaskiya. A nemi lambar kayan, a duba ta a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera, a tabbatar ta dace da ƙirar motar da injinta, sannan a karɓi rasit mai sunan shago da lambar kayan a rubuce. Ranar aiki kuma mai mota ko direbansa ya tsaya a wurin. Ya ga an manna takardar awo kafin a huda, ya ga an goge bakin ramin an shafa masa fenti, ya ga tiyon ya shiga bakin akwatin an ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe an kuma toshe mahaɗin, ya tambayi abin da aka yi da ƙaramar kafar zubar da ruwa da ke ƙasan akwatin. A lura da hudar da za a yi a ginshiƙin gilashi, domin akwai wayoyi a ciki, a wasu sababbin motocin har da sashen jakar iskar kariya. Mai aikin da ya ƙi a tsaya masa, ko ya nace sai an bar masa motar ya kai wani wuri, ni dai ba zan ba shi makulli ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da makanikai ke yi, kuma ina ba duk wanda aka riga aka ɗaura wa shawarar ya sa a yi masa kafin damina ta yi nisa. Ana tayar da injin a bar shi yana aiki a hankali ba tare da taka totur ba, a cire kan bututun, a rufe bakinsa na ɗan lokaci kaɗan da faffaɗan abu mai ƙarfi wanda ba zai zuƙu ciki ba. Kada a sa leda ko tsumma ko tafin hannu. Idan haɗin yana da kyau, injin zai shaƙe nan take ya nemi mutuwa, sai a ɗauke. Idan ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba, to yana samun iska ta wata kafa, kuma ta nan ruwa zai bi.

Idan kuwa mota ta riga ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murɗa makulli, kuma kada a tura ta don ta tashi, domin sau da yawa wannan yunƙuri na biyu shi ne ke lanƙwasa sandar fistin. A fitar da mutane tukuna, a janyo motar, a duba takardar tace iska, idan ta jiƙe a bar makaniki ya cire fulogi ko nozul ya fitar da ruwan, a kuma duba baƙin mai da man aksul da na giya ko sun koma launin madara.

Wanda aka damfara ya adana hotunan tallar da hirarsu da shaidar tura kuɗi da lambar asusun, ya ɗauki hoton haɗin kafin a gyara shi, ya kuma nemi makanikin da ya buɗe ya rubuta abin da ya gani. Ya sanar da bankinsa a ranar da ya gane, domin jinkiri yana ba su damar kwashe kuɗin. A Najeriya ana iya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, da hukumar EFCC idan zambar karɓar kuɗi ce, da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye idan jabun kaya ne ko mummunan aiki. A kuma faɗa wa shugabannin tasha da ƙungiyar makanikai ta yankin, a ba su lambar wayar da sunan shafin, saboda waɗannan mutane sukan sauya sunan shafi su dawo da bidiyo iri ɗaya, kuma direbobin tasha su ne waɗanda za su fara cin karo da sabuwar tallar.