Transfermarkt da neman wasan ƙarshe na alƙalan wasa

Yawancin masu shiga Transfermarkt farashin 'yan wasa ne yake kai su, amma wannan dandalin intanet na ƙwallon ƙafa na ƙasar Jamus, wanda aka kafa a shekarar 2000, yana da wani sashe da ba a cika kula da shi ba, wato na alƙalan wasa. Alƙalin da ya yi suna yana da shafinsa, inda aka jera gasannin da ya busa da yawan wasanninsa a kowace gasa, da katunan gargaɗi da jajayen katunan da ya ɗaga, da bugun fenaritin da ya bayar. Ana duba wannan duka kyauta, kuma ga mai son sanin ranar da wani alƙali ya hura usur ɗinsa na ƙarshe, nan ne wurin da ya fi dacewa ya fara.

Sashen yana biyan buƙata sosai idan alƙalin ya bar aiki a lokaci guda. Björn Kuipers na Holand, wanda ya busa wasan ƙarshe na Euro 2020 tsakanin Italiya da Ingila a Wembley ranar 11 ga Yulin 2021, ya rufe aikinsa da wasan Johan Cruyff Shield tsakanin Ajax da PSV ranar 7 ga Agustan shekarar. Howard Webb, wanda ya busa wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 2010, ya yi sallama da fili a karawar Brazil da Chile a gasar 2014, sannan ya sanar da ritayarsa a watan Agustan shekarar. A irin waɗannan, wasan da ya zo a ƙarshen jeri shi ne amsar.

Matsalar tana tasowa ne daga yanayin aikin kansa, domin alƙali yakan bar aiki mataki-mataki. Mike Dean ya busa wasansa na ƙarshe a Gasar Firimiya ranar 22 ga Mayun 2022, lokacin da Chelsea ta doke Watford da ci 2-1, amma ya ƙara kaka guda yana aiki a ɗakin VAR, inda ake duba bidiyo don taimaka wa alƙalin fili, kafin ya tafi gaba ɗaya a 2023. Mark Clattenburg kuwa ya bar Firimiya a 2017 ya koma Saudiyya, daga baya ya yi alƙalanci a China. Wanda ya duba gasar Ingila kaɗai zai rage wa Clattenburg shekarun aiki, shi ya sa ya zama dole a bi gasa bayan gasa, aikin da yake cin lokaci, musamman a kan waya.

Babban gibin shi ne jerin wasanni ba ya faɗin dalili. Mai bincike zai ga cewa Pierluigi Collina ya busa Villarreal da Everton ranar 24 ga Agustan 2005 a wasan share fagen Gasar Zakarun Turai, amma alƙaluma ba za su gaya masa cewa hukumar ƙwallon Italiya ta riga ta ɗaga masa iyakar shekaru don ya ƙara kaka guda ba, ko cewa ya ajiye aiki ne saboda takaddamar tallan Opel, kamfanin da yake ɗaukar nauyin AC Milan a lokacin. Haka Anders Frisk na Sweden, wanda ya yi murabus a watan Maris na 2005 saboda barazanar kisa da ta biyo bayan wasan Barcelona da Chelsea. A jerin wasannin, tafiyarsa ba ta da bambanci da ta wanda shekaru suka sallama, kamar yadda iyakar shekara 45 ta FIFA ta riƙa sallamar alƙalai kafin a soke ta.

Ya kamata kuma a tuna cewa masu aikin sa-kai ne suke shigar da wani ɓangare na bayanan, don haka manyan gasannin Turai sun fi cika, yayin da ƙananan gasanni da tsofaffin shekaru suke da ramuka. A ganina dandalin abin dogaro ne wajen kwanan wata da abokan karawa a manyan gasanni, amma duk ranar ritayar da za a rubuta, sai an gwada ta da sanarwar hukumar ƙwallon ƙasar alƙalin ko rahoton jaridun wancan makon.